Filin Makiyaya: Ruwan Da Ke Aiki A Cikin Rago

Babbar Sallah ta fara ƙaratowa, manyan motoci sun soma gangarowa ta Paga da raguna da shanu daga Burkina Faso da Mali da Nijar, kasuwar Turaku da ke Ashaiman da ta Kumasi sun fara cika. A zangunanmu kuwa, tun daga Nima har Tamale, da wuya ka shiga gida uku ba ka ga rago a turke ba. Don haka muka ga ya dace wannan karo mu yi magana a kan abin da ke gudana a cikin cikin ragon nan, domin da yawa daga asarar da ake yi a irin wannan lokaci daga nan take tasowa.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa shi ne wani abu da ya faru a unguwarmu bara. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai sana'ar koko, ta sayi ɗan rago tun da sauran watanni, tana kiwonsa da harawa da busasshen ɓawon rogo da ciyawar da jikokinta ke yankowa. Rago yana lafiya lau, yana tuƙa, yana tunkuyin yara. Ana saura kwana goma Sallah sai ɗanta ya zo ya dube shi ya ce: "Inna, wannan ragon ai bai cika ido ba, bari mu ƙara masa hatsi ya yi ƙiba." Aka cika masa kwano da jiƙaƙƙiyar masarar koko, aka haɗa da sauran shinkafar da ta kwana, safe da yamma. Rago ya ci har ya lashe kwano, kowa na murna. Washegari ya daina tuƙa, ya sunkuyar da kai, zawo mai tsami ya ɓarke. A kwana na biyu ya kasa tashi, dole aka kira mahauci ya sa masa wuƙa kafin ya zama mushe.

Matan gida suka ce ai kambun baka ne, wasu suka ce guba aka jefo ta kan katanga. Mahaucin nan, wanda ya shekara talatin yana fiɗa, ya tsaga tumbi ya nuna wa uwar gida. Cike yake da ruwa da masara, tsami na tashi kamar tsohon kullu, fatar cikin tumbin kuma tana saɓulewa da an sa yatsa. Ya ce mata: "Hajiya, ki yi haƙuri, kada ki zargi kowa. Hatsin nan ne ya dafa masa ciki." Gaskiya ya faɗa, kuma ilmin likitocin dabbobi yana bayansa. Bari mu bi abincin nan tun daga baki, mu ga ruwaye nawa yake gamuwa da su, da aikin kowane ɗaya.

Ruwa na farko shi ne yawu. A kan dabba akwai maɓuɓɓugan yawu manya guda shida, uku dama uku hagu: ɗaya a ƙarƙashin kunne, ɗaya a gindin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe, ban da wasu ƙanana da ke warwatse a kumatu da leɓe. Mutum yakan yi yawu lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini. Tunkiya ko rago yakan yi lita 6 zuwa 16, babbar saniya kuwa lita 100 zuwa 150, wani lokaci har fiye. Wato jarka mai lita 25 guda huɗu zuwa shida ke nan, kullum. Ba ma ganinsa ne saboda dabbar tana haɗiyewa, jiki kuma yana sake tsotse mafi yawansa a can gaba ya mayar cikin jini.

Yawun mutum yana da wani sinadari da ke fara narkar da sitaci tun a baki, shi ya sa idan ka daɗe kana tauna gurasa sai ka ji ta soma zaƙi. Yawun rago da saniya da akuya ba shi da wannan. Abin da ke cikinsa da yawa shi ne soda, irin wadda mai burodi ke sawa a ƙullu, 'yar uwar kanwa, tare da wani gishiri mai ɗauke da sinadarin fosfaras. Duk mai girki ta san aikin kanwa, idan miya ko kunu ya yi tsami ita ake jefawa ta kashe shi. To, wannan aikin ne yawu ke yi wa tumbi dare da rana.

Me ya sa tumbi yake bukatar kanwa haka? Cikin dabba mai tuƙa ɗaki huɗu ne. Akwai tumbi, wanda shi ne babba, yana kwance a gefen hagu. Akwai ƙaramin ɗaki mai zane kamar saƙar zuma. Akwai mai shafi-shafi da mahauta ke kira littafi. Sai na huɗu mai santsi, wanda shi ne ya yi daidai da cikin mutum. Ɗakuna ukun farko ba su fid da wani ruwan narkar da abinci ko ɗigo ɗaya. Aikin da ake yi a tumbi, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke yin sa, bakteriya da danginsu, dubban miliyoyi a cikin kowane cokali na ruwan tumbi. Su ne ke ruɓar da ciyawa da kara, abin da hanjin dabbar kansa ba zai iya narkarwa ba. A cikin wannan ruɓarwa suna fid da ruwan tsami iri-iri, ɗaya daga ciki ma shi ne tsamin binega. Bangon tumbi yana tsotse wannan tsami, kuma daga gare shi ne dabbar ke samun wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinta. Suna kuma fid da iska mai yawa, saniya takan yi lita 30 zuwa 50 a awa guda bayan ta ci, shi ya sa ba ta rabuwa da gyatsa.

Ke nan tumbi kamar randa ce da ake jiƙo a cikinta ba a tsayawa, tsami na ƙaruwa kowane lokaci, yawu na sauka yana rage shi. Masana suna da ma'aunin tsami daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsakiya, duk abin da ya yi ƙasa da ita ya fi tsami. Yawun rago yana wajen 8. Tumbi mai lafiya yana tsakanin 6 da 7. Idan ya sauka ƙasa da 5 da rabi, matsala ta fara, idan ya kai 5 ya wuce, rai na cikin haɗari.

Ga inda gizo ke saƙa. Yawu ba ya zuba da yawa sai da tauna. Dabbar da ke cin ciyawa da harawa takan yi kusan awa 8 a yini tana tuƙa, tana dawo da abinci baki tana sake niƙa shi, kowace loma tana komawa jiƙe sharkaf da yawu. Abin da ke tayar da tuƙa kuwa shi ne kaushin ciyawa da ke sosa bangon tumbi. Hatsi da dafaffen abinci ba su da wannan kaushi. Rago zai shanye kwanon masara cikin 'yan mintoci ba tare da wata tauna ba, ba zai dawo da ita baki ba, saboda haka yawu ya ragu. A daidai wannan lokaci kuma sitacin masara yana ruɓewa da sauri ƙwarai fiye da ciyawa. Wasu bakteriya masu son sitaci sai su yi yawa, su cika tumbi da irin tsamin da ke cikin nono mai tsami, wanda ya fi sauran ƙarfi. Masu cin ciyawa su mutu, tumbi ya daina motsi, ya riƙa janyo ruwa daga jini zuwa cikinsa, dabba ta bushe alhali cikinta cike da ruwa. Tsami ya ƙone fatar tumbi, ya shiga jini. Wanda ya tsira ma yakan tashi da ɗingishi saboda kofato ya yi zafi, ko kuma daga baya a ga ƙuraje a hantarsa. Ragon maƙwabciyarmu wannan hanya ya bi tun daga farko har ƙarshe.

Akwai wata illa ta biyu da ƙarancin yawu ke jawowa, wadda mutane ba su cika danganta ta da abinci ba. Mun ce yawu yana ɗauke da fosfaras. Ta nan ne dabba mai tuƙa ke fid da rarar wannan sinadari daga jini, ya bi yawu zuwa ciki, ya fita a kashi. Dusa kuwa, ta masara ko ta alkama, cike take da shi. Idan rago yana cin dusa zalla, fosfaras ya yi yawa, yawun da zai kwashe shi ya yi kaɗan, sai ƙoda ta ɗauki aikin, ya taru a fitsari ya zama tsakuwa. Hanyar fitsarin rago doguwa ce siririya mai lanƙwasa, tsakuwa kaɗan ta isa ta toshe ta. Sai ka ga rago yana nishi, yana miƙa, yana harbin ciki, fitsari na ɗiga ko ya tsaya cak. Tunkiya ba ta cika samun wannan ba don tata hanyar gajera ce mai faɗi. Duk wanda ya ga wannan alama ya nemi malamin dabbobi a ranar, domin mafitsara tana iya fashewa.

Yawu yana kuma da yauƙi da ke hana kumfa tashi a tumbi. Sabuwar ciyawar farkon damina da ɗanyen ganyen wake mai raɓa suna wucewa ba tauna sosai, su yi kumfa ta rufe hanyar gyatsa, gefen hagu ya kumbura kamar ganga. Shi ya sa Fulani ba su gaggawar sakin dabba mai yunwa a kan sabon tsiro da sassafe. Haka kuma kanwar da makiyaya ke ba shanu tun zamanin kakanni, wadda fatake ke ɗaukowa daga ƙasar Manga da Tafkin Cadi har Salaga da Kumasi, da taron lasar gishiri da ake yi kowace shekara a Ingal ta Nijar a ƙarshen damina, duk suna da tushe. Jiki na bukatar gishirin nan don ya haɗa yawu.

Daga littafi, wanda aikinsa matse ruwa ne, abinci yana shiga ɗaki na huɗu. A nan ne aka fara samun ruwan narkarwa na sosai. Bangon wannan ɗaki yana tsatso asid mai ƙarfi, har ma'auni ya sauka wajen 2 zuwa 3, da wani sinadari mai suna fefsin da ke yayyanka nama da duk abin da ke gina jiki, da majina mai kauri da ke shafe bangon don kada ciki ya narkar da kansa. Abin mamaki shi ne, babban naman da rago ke narkarwa a nan shi ne ƙananan halittun nan na tumbi, waɗanda ke kwararowa da abinci ba iyaka. Su suka ci ciyawa suka yi yawa, shi kuma ya cinye su. Ta haka ciyawa ke zama tsoka.

An daɗe ana bincike kafin a gane wannan. A shekarar 1752 wani Bafaranshe mai suna Reyomur ya riƙa ba wata shirwa da yake kiwo ƙananan bututun ƙarfe masu huji da nama a ciki. Da yake shirwa takan amayar da abin da ba ta narkar ba, sai bututu ya dawo nama ya narke, alhali babu abin da ya niƙa shi. Nan aka tabbatar ruwa ne ke aikin. Daga baya wani likita ɗan Rasha, Pavlov, ya nuna a jikin karnuka cewa gani da ƙanshin abinci kaɗai sun isa su sa yawu da ruwan ciki su fara zuba, aka ba shi lambar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci. Darasin da ke nan ga mai kiwo shi ne ciki yana sabo da lokaci, dabbar da ake ba abinci a ƙayyadadden lokaci ta fi wadda ake ba yau da safe gobe da dare.

Ɗan maraƙi da ɗan tunkiya masu shan mama su nasu daban ne. Tumbinsu bai fara aiki ba tukuna. Idan suna tsotso, wata tsoka takan naɗe ta zama kamar kwata, madara ta zarce ɗaki na huɗu kai tsaye. A can akwai wani sinadari da ke daskarar da madara ta zama guda-guda don ta daɗe ana narkar da ita. Da shi ne Turawa suka daɗe suna yin cuku, haka ma makiyayan Nijar masu cukun nan busasshe mai faɗi. Matan Fulani masu wagashi a nan Gana kuwa da ruwan tumfafiya suke samun wannan daskarewa. Dakashi kuma, wato madarar farko, dole ɗan dabba ya sha shi a yinin farko, domin bayan awa 24 hanji ya rufe ƙofar da kariyar cuta ke bi ta shiga jini.

Da abinci ya bar ɗaki na huɗu ya shiga farkon hanji, sai ruwa biyu su tarye shi. Na ɗaya daga hanta yake, shi ne koren ruwan nan mai ɗaci da ke taruwa a matsarmama, wanda mahauci ke cirewa a hankali don kada ya ɓata nama. Aikinsa kamar na sabulu ne, yana farfasa kitse ya zama ƙanana don a iya narkar da shi. Doki da jaki da raƙumi ba su da jakar matsarmama, nasu ruwan yana zuba ne kai tsaye daga hanta. A cikin hanyoyin wannan ruwa ne tsutsar hanta ke zama, wadda dabbobi ke ɗauka idan suna kiwo a fadama da bakin tafki inda ƙananan dodon koɗi suke. Hantar da ka ga an yanka tana da fararen jijiyoyi masu tauri, aikinta ne. Ruwa na biyu daga wata tsoka ce mai laushi da ke manne da farkon hanji, likitoci na ce mata fankiriyas. Tana zubo soda don kashe asid ɗin da ya biyo abinci, da sinadarai masu ƙarasa narkar da nama da kitse da sitaci. Bangon hanji shi ma yana ƙara nasa ruwan, sannan jini ya kwashe amfanin.

Duk waɗannan ruwaye akwai abu ɗaya da ba su iya masa komai, wato leda. Babu bakteriyar tumbi, babu asid, babu ɗacin matsarmama da ke narkar da ita. Dabbar da ke yawo a bola tana haɗiye ledar koko da ta wake da shinkafa saboda ƙanshin abinci da gishirin da ke jiki, su dunƙule a tumbi da igiya da tsumma su zama curi. Sai ka ga ciki ƙato, ƙashin baya a waje, ana ba ta abinci ba ta ci. Duk mahaucin da ke aiki a kwatar Kumasi ko Tamale zai ba ka labarin irin abin da yake cirowa. Ruwanda ta hana ledar nan tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Kafin hukuma ta yi nata, mu sai mu ɗaure dabbobinmu, mu kuma daina jefa leda a lungu.

To, ga shawararmu ga duk mai rago a turke. Ciyawa, harawa, kowar wake ko ganyen gyaɗa su ne tushen abinci, kada su yanke ko yini ɗaya, kuma a fara ba da su kafin a kawo dusa. Idan za a ƙara dusa ko hatsi, a fara da tafin hannu ɗaya, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, domin halittun tumbi su sami lokacin sabawa. A raba shi sau biyu ko uku a yini. Kada a niƙa hatsi ya yi laushi kamar gari. Ragon da aka sayo daga arewa jiya, wanda bai san komai ba sai ciyawar daji, shi ya fi kowa haɗari, a bar shi a kan harawa tukuna. Sauran tuwo da shinkafa da burodi duk hukuncinsu ɗaya da hatsi. Ɓawon rogo a shanya shi ya bushe sosai, don ɗanyensa yana da guba. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa kullum, da ɗan gishiri ko kanwar lasa. Buhun masara da bahon jiƙo a ajiye su inda ba zai kai ba ko da ya tsinke igiya.

Sannan a riƙa duba shi. Rago mai lafiya idan ya kwanta zai yi tuƙa. A ɗora tafin hannu a kwiɓinsa na hagu, za a ji tumbi ya motsa sau ɗaya ko biyu a minti guda. Idan tuƙa ta tsaya, motsi ya ɗauke, kashi ya zama ruwa mai tsami bayan an ba da hatsi, a janye hatsin nan take, a bar masa busasshiyar ciyawa, a aika a kira malamin dabbobi. Kanwa tana taimakawa wajen rigakafi, amma ba ta isa ta ceci wanda ya riga ya kwanta ba. Kada kuma a yi wa dabbar da ta galabaita ɗure, ruwan yakan bi ta huhu ya ƙarasa ta.

Malamanmu sun karantar da mu cewa dabba mai ciwo bayyananne, ko mai ɗingishi, ko ramammiya ba ta yin layya. Ashe ke nan mai gaggawar ƙiba yana iya yin biyu babu, kuɗi sun tafi, ibada ba ta samu ba. Ƙiba ta watanni ce, ba a yin ta a kwana goma, kuma Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Maƙwabciyarmu dai bana ta sake ɗaure wani ragon tun da wuri, ta kuma gaya wa ɗanta cewa shi ya kawo kuɗin harawa, kwanon abinci kuwa ya bar mata.

A wata mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba cikin kaza da tattabara, mu ga yadda mai ƙundu ke niƙa hatsi ba haƙori. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta hannun edita. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya karɓi ibadarmu, Ya sa albarka a kiwonmu. Wassalam.